Kyauta Daban, Tsintuwa Daban

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, da fatan an tashi lafiya.

Ni makaɗi ne. Ina kaɗa jitar bas a wata ƴar ƙungiya ta mutum 6 a nan Damagaram, kuma ni suke kira shugaba, saboda ɗakin da muke ajiye kayan kiɗa a gidana yake. Da rana tela ne ni, ina da keke biyu kusa da Kasuwar Dole. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya zaci da kiɗa nake riƙe iyali. Allura ce ke ciyar da gidana. Kiɗa kuwa wata rana ya kawo kuɗin cefane, wata rana ya cinye su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadar da muke shan shayi, na kuma ga ta iso shafin wasiƙunku: shin ƙananan ƙungiyoyi irinmu, marasa kamfani marasa ubangida, su zuba waƙoƙinsu a intanet kyauta, ko su riƙe sai an biya? Samari na cewa a saki, duniya ta ji, arziki na tafe. Dattawan sana'a na cewa araha ba ta ado, wanda ya ba da guminsa a banza shi ya raina kansa. Na saurari kowa. Abin da ke ba ni dariya, dukansu suna magana kamar makullin rumbun yana aljihunmu, alhali an daɗe da ɓalle ƙofar.

Bari in ba ka labarin ranar da na sayi waƙata da kuɗina.

Shekarun baya mun yi wata waƙar biki, muka ɗauke ta a wani ƙaramin sitidiyo a nan cikin gari. Jika 30 muka biya, wato sefa 30,000, kuɗin da muka tara a bukukuwa uku. Muka yi shawara za mu ɓoye ta sai mun haɗa guda 6 mu fitar da faifai. Ba a yi sati biyu ba, ina bisa kabo-kabo zan kai ɗinki Birni, sai na ji bas ɗina na tashi daga wata rumfa a bakin hanya. Makaɗi ya san hannunsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na ce wa mai babur ya tsaya. Yaro ne zaune gaban wata tsohuwar kwamfuta, ga wayoyin mutane jere ana caji. Na ce, “Samari, waƙar wa ke nan?” Ya ce, “Baba, sabuwa ce daga Kano, jiya ta shigo.” Na ce a sa mini. Ya karɓi dala 10, wato sefa 50, ya tura mini a katin memwar. Da na leƙa kwamfutar, sai na ga an rubuta mata sunan wani mawaƙi da ko hannu ban taɓa yi da shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban yi wa yaron faɗa ba. Shi ma turo masa aka yi, kuma da irin wannan dala goman yake shan kokon safe. Daga baya muka gano ɗaya daga cikinmu ne ya tura wa budurwarsa ta Bluetooth, ita ta tura wa ƙawarta, shi ke nan. Kuɗin ba su dame ni ba a daren nan. Sunan ne ya hana ni barci. Waƙar ta zaga gari, ana rawa da ita, mu da muka yi ta kuwa ba wanda ya ce mana sannu, don ba wanda ya san tamu ce.

Tun daga ranar na gane akwai kalmomi biyu da masu gardamar nan ke cakuɗawa. Kyauta tana da mai ita. Hannu ne ke miƙa ta, mai karɓa ya ga fuskar mai bayarwa, ya yi godiya, wani lokaci ma ya ba da tukwici. Tsintuwa kuwa ba ta da fuska, wanda ya gani ya ɗauka. Waƙarmu ta farko tsintuwa ta zama. Ni a wajena, ko mun so ko mun ƙi, waƙa za ta isa wayar mutane ba tare da sun biya mu ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ta isa a matsayin kyauta ko a matsayin tsintuwa.

Masu cewa sakin waƙa kyauta baƙon abu ne da intanet ta kawo, su tuna da yadda kiɗa yake a garin nan tun kafin a haife mu. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wa ya taɓa biyan kuɗin shiga don ya ji kakaki da algaita da tambura? Su marigayi Ma'azu Ɗan Alalo da sauran makaɗan fada a fili suke waƙa, talaka da attajiri kowa ya sha da kunnensa. Wanda ke biya shi ne wanda aka ambaci sunansa da na kakanninsa. Shi zai tuɓe riga, ya ba da doki, ko hatsi, ko kuɗi. Kuma yawan masu ji shi ke ƙara wa waƙar daraja a idon mai biya, don ba wanda zai ba da doki a kan yabon da aka yi masa a cikin ɗaki. Sayar da waƙa ɗaya-ɗaya ga mai sauraro abu ne na zamanin faifai da kaset. Mun taɓa shi kaɗan. Mukan yi tafiyar kilomita wajen 240 zuwa Kano a buga mana kaset, mu dawo mu raba wa masu shaguna, kafin wata ya ƙare an kwafe shi a rediyo mai baki biyu. Ko a lokacin ba mu taɓa mayar da kuɗin mota da ciniki ba. Saboda haka in dattijo ya ce mini da can ana cin riba, nakan tambaye shi, wa ke ci?

Su kuma samari, duk gardamar da aka yi sai sun kawo sunan Mdou Moctar, makaɗin jitan nan ɗan Nijar da ya yi suna a duniya. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga ƙasar nan. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su, ya sa ɗaya a wani faifai da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Yau ga shi yana zaga Amurka da Turai. Amma samarinmu suna tsallake tsakiyar labarin. Sai da mutumin nan ya sha wahalar neman mai waƙar kafin ya same shi, sa'an nan aka zauna aka yi yarjejeniya, aka buga faifan sayarwa, aka shirya tafiye-tafiye. Yawon da waƙar ta yi a wayoyi ƙofa kawai ya buɗe. Sa'an nan shi jita ce ke magana a kiɗansa, Bature na iya rawa da ita ko bai ji kalma ɗaya ba. Waƙarmu ta Hausa kuwa rabin daɗinta a cikin magana yake, habaici da zambo da kirari. Kasuwarmu tana Maraɗi da Tawa da Agadas, tana Daura da Kano, tana wajen ƴan ci-ranin da ke Libiya da Aljeriya. Waɗannan su ne mutanenmu, kuma na san yadda suke sauraron waƙa.

Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar André Salifou shi ya buɗe mana shafuka, ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. A YouTube sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da kai. A Spotify, tun daga 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ko dala ba ta samu. Bandcamp, shafin sayar da waƙa, ya fi sauƙi, kai ke sa farashi su cire 15 cikin 100, sai dai mai saye ya kasance yana da katin banki ko PayPal. To, Malam Edita, ka zo fadarmu da dare ka duba. Mutum 15 ne zaune kan tabarma da benci. Ɗaya ne ya sayi mega, wato datar intanet, ya sauke waƙar sau ɗaya, kafin a zuba shayi na biyu ya tura wa sauran ta Xender. Gobe kowannensu zai jefa ta a WhatsApp na danginsa. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya ji mu. Shekara guda muka yi, ko rabin awannin nan ba mu haɗa ba, a lokacin da yara ke rera waƙar a kan hanyar makaranta. Wanda ya ce wa makaɗin Damagaram ya saki waƙa don intanet ta biya shi, ya aike shi ɗiban ruwa da kwando.

Duk da haka mun saki, kuma ban yi da-na-sani ba. Ga yadda muka yi a waƙa ta biyu. Mai waƙarmu ya ambaci sunan ƙungiya da sunan gari a farko, ya sake ambata a tsakiya inda ba za a iya yankewa ba sai an ɓata amshi. Wannan ma ba dabararmu ba ce, makaɗan Hausa sun daɗe suna kiran sunansu a cikin waƙa. Muka sa lambar waya a hoton da ke tafiya da ita. Sa'an nan na ɗauki ƴar kile, wadda mutanen Kano ke ce wa filas, na bi rumfunan masu tura waƙa da ƙafata, na Dole da na tasha da na Zango, har da yaron nan da ya sayar mini da tawa. Na ce ga ta kyauta, ku ci dala gomanku, sharaɗi ɗaya ne: a rubuta sunanmu daidai. Suka yi murna, don sun riga kowa samu.

A kakar nan, daga girbi zuwa gab da azumi, mun kaɗa biki 11. Shekarar da ta gabace ta 4 muka yi. An kira mu Mirriya da Magarya da Matamaye, har Tanut mun je a bayan wata motar kaya, lasifika ɗaya ta fashe a hanya. Wani abin da ban zata ba shi ne tukwicin ƴan ci-rani. Mutum na aikin gini a Libiya, ya ji sunan unguwarsu a waƙa, sai ka ga saƙon kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, jika 2, jika 5, wai a sha ruwa. Wani ɗan garin nan da ke Tamanrasat ya kira ya ce ƙanwarsa za ta yi aure, ba zai samu zuwa ba, a yi mata waƙa da sunanta da na ango da na iyaye. Jika 75 ya biya. Ka ga mun koma gidan jiya ke nan: kowa ya ji, wanda aka ambata ya biya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na goyi bayan samari na rufe bakina.

Wata Asabar aka gayyace ni biki a Garin Malam, ba don kiɗa ba, don ni na ɗinka ankon. Ina zaune cikin maza sai mai sono, wato mai sa waƙa a lasifika, ya saki waƙarmu. Sau huɗu ya sa ta kafin magariba. Mata na rawa, ana liƙi, kuɗin na zuba gaban yaron da aikinsa danna maɓalli. Shi an ba shi jika 15. Mu da za a kira, da motar kaya da man injin wuta da bakin mutum 6, ba za mu zo a ƙasa da jika 60 ba. Uwar biki ba ta yi laifi ba, lissafi ta yi, ni ma da ni ne haka zan yi. Amma a ranar na ga waƙar da muka saki don ta kira mana biki ta je bikin ta bar mu a gida.

Abin bai tsaya nan ba. Sai aka fara kiran mai waƙarmu shi kaɗai. Shi aka sani, muryarsa ce a waya, fuskarsa ce a hoto. Ya sa kile a aljihu, ya hau babur, ya je ya riƙe makirfo a kan kiɗan da mu biyar muka yi, ya kwashi liƙi ya dawo. Mu ba mu da labari sai a bakin mutane.

Mai kalangunmu shi ne babbanmu, Baba muke ce masa. A wajen mahaifinsa ya gaji kiɗa, ba shi da wata sana'a sai ita. Ran da muka zauna kan maganar, ya daɗe bai ce komai ba, yana ta gyaran tsarkiyar kalangunsa. Can ya ɗago ya ce, “Shugaba, kai kana da keke, wannan yana da shago, wancan yana koyarwa. Kyauta ba ta yi muku zafi. Ni fatar nan saye nake. Da kuka ce a bayar, wa ya tambaye ni?” Wallahi ban sami amsa ba, don ba wanda ya tambaye shi. Mun yi kyauta da abin da ba namu kaɗai ba.

Wannan shi ne abin da ban taɓa ji a bakin masu gardamar ba, kuma shi ya sa na rubuto. Ana cewa “ƙungiya ta saki waƙa” kamar ƙungiya mutum ɗaya ce. Ribar suna tana tafiya wajen mai murya. Asarar biki tana faɗawa kan mai kalangu da mai ganguna da mai jita, waɗanda ba a ganin fuskarsu a hoto. In ba a zauna an raba wannan tun kafin waƙa ta fita ba, kyautar ce za ta watsa ƙungiyar. Tamu saura ƙiris.

Muka rubuta takarda. Ba lauya, ba hatimi, shafi ɗaya ne da Hausa, aka karanta wa Baba ya dangwala yatsa, limamin unguwarmu bai so shiga harkar kiɗa ba sai muka sa maƙwabta biyu shaida. Waƙa ba ta fita sai duk mu 6 mun yarda. Tukwicin da ya shigo ta waya ana raba shi 7, kowa ɗaya, na bakwai na gyaran kaya. In an kira mai waƙa shi kaɗai a kan kiɗanmu, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya samo na sauran ne. Kiɗa zalla, wanda ba murya a kansa, ba ya barin hannuna. Waƙar da mutum ya biya aka yi masa, tasa ce, shi zai yaɗa in ya so. Mai waƙarmu na lokacin ya ce an takura shi, ya tattara ya tafi Kano. Allah Ya ba shi sa'a, muna gaisawa. Wanda ya maye gurbinsa sai da ya sa hannu kafin ya taɓa makirfo.

Abu na biyu da zan roƙi ƴan'uwana makaɗa: barin mutane su ji kyauta ba shi ne sakin mallaka ba. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan, BNDA. Duk waƙar da za mu saki yanzu, sai mun yi mata rajista tukuna. Na ga amfanin haka da idona, ran da wani ɗan kasuwa ya ɗora tallar shagonsa a kan kiɗanmu. Da na same shi sai ya ce ai kyauta muka bayar. Na ce kyautar sauraro muka bayar, Alhaji, ba ta talla ba, na nuna masa takarda. A gaban mai unguwa muka sasanta, ya biya, har yau ni ke yi masa ɗinkin Sallah. Na kuma san wata ƙungiya da wani ya tura wa ƴan kuɗi ta waya, suka sa hannu a takardar Turanci da ba su karanta ba. Da suka zo ɗora waƙarsu a shafinsu na YouTube, sai saƙo ya fito cewa tana da mai ita. Gara ka ba wa dubu su ji a banza da ka sayar wa mutum ɗaya da tushen a kan kuɗin buhun shinkafa.

Dattawan da ke cewa a riƙe, ina girmama su, wasunsu su suka koya mini riƙe jita. Amma na riƙe na gani. Waƙoƙi 5 da muka ɓoye don faifan nan da bai taɓa fitowa ba, suna cikin wata kwamfuta da ta mutu, mai gyara ya ce sai dai haƙuri. Kuma lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ba zuwa Daura ba zuwa Kano, wuta ta yi wuya, bukukuwa suka ragu, naira kuma ta faɗi har wanda ya biya ka da ita kamar bai biya ba. A watannin nan ba mu kaɗa abin kirki ba. Waƙoƙin da ke yawo a WhatsApp su suka hana a manta da mu, kuma da hanya ta buɗe, kiran farko daga tsallaken iyaka ya zo, daga wata mata da ba ta taɓa ganinmu ba.

Ina da roƙo ga gidajen rediyon garin nan, da ku ƴan jarida. In kun sa waƙa ko kun yi rubutu a kanta, ku faɗi sunan ƙungiyar, in da hali ku faɗi wanda ya kaɗa kalangu da wanda ya kaɗa jita. Minti ɗaya ba zai ci ba. Mai neman makaɗi na gaske don bikin ƴarsa ya san wa zai nema.

Muna da sabuwar waƙa da muke so mu saki bayan Sallah. Mu biyar mun yarda, saura Baba. Ya ce sai an buɗe ta da kalangu zalla, a kuma kira sunansa da na mahaifinsa kafin a kira na ƙungiya. Sabon mai waƙar yana ganin buɗewar ta yi tsawo, wai yaran yanzu ba sa jira, za su danna ta gaba. Ranar Alhamis bayan isha'i za mu zauna a gidana, ni zan sayi sukari da ganyen shayi.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tela mai kaɗa jita,
Unguwar Zango, Damagaram.